Likitan Ranar Talata

Saura wata biyu a ɗaura auren Auta, Dogo ya fara faɗuwa.

Auta ba yarinya ba ce, sunan ne kawai ya bi ta. Shekarunta talatin da ɗaya, shida daga ciki a bakin gadon mahaifiyarta ta ƙarar da su, tana juya ta, tana wanke ta, tana ba ta abinci a baki, har ranar da mai abu ya karɓi abinsa. Masu zuwa zance wurin Auta duk suka gaji suka watse. Dogo ne kaɗai ya jira. Mai fenti ne, ga tsawo, har abokan aikinsa na tsokanarsa wai don kara kawai yake ɗaukar tsani.

Ɗaki biyu ya kama musu a wani gida bayan tashar bas. Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Ta je auna tagogi saboda labule, don ita tela ce, kayan 'yan makaranta take ɗinkawa a shagon wata mata. Ta same shi yana kankare bangon ɗakin ciki.

"Wane launi kike so a nan, amarya?"

"Duk wanda ba ragowar na gidan mutane ba."

"Haba! Ni da na sayo sabo dal, na rantse ko murfin ba zan buɗe ba sai a gabanki."

Ya fara dariya, dariyar ta tsaya masa a rabi. Idanunsa suka tafi gefe guda kamar an kira shi daga kusurwa. Ya yi wata ƙara da ba ta taɓa jin irinta a bakin mutum ba, ya zube a kan siminti, jikinsa ya sanƙare, sannan ya kama karkarwa. Ta kira sunan Allah, ta kira maƙwabta. Babu kowa a gidan, duk sun tafi aiki.

Da ya farfaɗo, ya daɗe yana kallonta kamar baƙuwa. Sai ya dubi wandonsa ya ga ya jiƙe, ya juya fuska bango.

"Wannan ne na uku," ya ce, murya can ƙasa. "Tun faɗowar da na yi daga tsani bara, da aka ɗinke mini kai. Sauran biyun ba wanda ya gani."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Ki rufa mini asiri, Auta. In ɗan kwangila ya ji, ba ni ba aiki. In Gwaggonki ta ji, ba ni ba ke."

Ta yi masa alkawari. Daga ranar ta rasa abokin magana. Da Inna na raye, da ta zauna a gefen gadon nan ta zazzage mata komai, ko da ba za ta iya amsawa ba. Yanzu gadon yana nan a gyare, ba kowa a kai. Ta kan shiga ɗakin ta tsaya, ta gyara matashin da ba wanda ya taɓa, ta fito.

Ita kaɗai ta shiga neman likita.

Mai shagon magani na bakin titi ta fara tambaya, ta ce wai wan wata ƙawarta ne. Ya dube ta ta saman tabarau. "Ki gaya wa ƙawar taki wannan ya fi ƙarfin kantina." A ƙaramin asibitin unguwa, likitan ya ce ba ɓangarensa ba ne, ya rubuta mata takarda zuwa babban asibiti.

Babban asibiti kuwa ba baƙonta ba ne. Ta san bencin da ke girgiɗi, ta san famfon da ba ya kawo ruwa. Amma wannan karon taga ta farko ta tura ta taga ta huɗu, ta huɗu ta tura ta sama, na sama ya ce wanda ya sani ya fita. Kwana biyu tana zarya. A na uku wani ma'aikaci ya karanta takardar, ya nuna da biro ba tare da ya ɗago kai ba.

"Ginin baya."

Ginin baya shi ne mai ƙarafa a tagogi, inda ake duba masu taɓin hankali. Shekara shida tana wucewa ta gabansa tana kau da kai. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta shiga.

Ba ta ga wanda aka ɗaure ba, ba ta ji ihu ba. Mutane ne zaune a layi da katunansu, wata tsohuwa na ɓare wa mijinta lemo. Likitan wurin dattijo ne mai sanyin magana. Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba.

"Kin yi wahala, 'yata, amma da saura ƙofa ɗaya," ya ce. "Ni aikina damuwa da rikicewar tunani. Abin da kike faɗa, tunda ya biyo bayan buguwar kai, na abokin aikina ne, likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Shi kaɗai gare mu, asibiti uku yake zagayawa. A ɗakin nan yake zama in ya zo, Talata ɗaya cikin biyu."

Wata nas mai furfura ta buɗe babban littafi, ta bi layi da yatsa, ta ba ta kati. Sati uku nan gaba.

"Ki zo da marar lafiyar," ta ce. "Kuma ki ji nan. Wannan likitan, abin da ya fi nema shi ne yadda faɗuwar take. Shi mai ciwon bai san abin da ya yi ba, masu gani kuma tsoro ke rikita su, kowa da labarinsa. In ya sake faɗuwa, ki juya shi gefe, ki sa masa abu mai taushi a ƙarƙashin kai, kada ki cusa masa komai a baki. In kin yi haka, ki ɗauko waya ki ɗauke shi bidiyo."

"In ɗauke shi? Yana wannan hali?"

"Na san da ciwo. Amma minti ɗaya na gani ya fi wa likita yinin magana."

Da ta koma shago, uwar ɗakinta ta dube ta ta dubi tulin yadi. "Auta, rigunan nan dai ba su iya ɗinka kansu ba." Ta ba da haƙuri, ta zauna a kan keke, ta yi ta taka shi ba tare da ta ga abin da take ɗinkawa ba.

Dogo ya juya katin gaba da baya.

"Ginin mahaukata za ki kai ni?"

"Ɗakin kawai yake ara. Ni ma na shiga, ga ni na fito da hankalina."

"Da wanne kika shiga?" ya ce, yana ɗan murmushi. Ya miƙa mata katin. "Ajiye a wurinki. Allah ya kai mu ranar."

Maganar bidiyo kuwa ba ta yi masa ba. Ta san amsar da zai bayar.

Kwana goma bayan nan, suna rataya labule a ɗakin, ta ga idanunsa sun tafi gefe. Ta tare shi iya ƙarfinta har ya kai ƙasa. Ta juya shi, ta naɗe mayafinta ta tura masa ƙarƙashin kai. Sannan ta miƙe, ta ja da baya, ta ɗaga waya.

Har yau in ta tuna, wannan tsayuwar ce take fara zuwa mata. Mutumin da ya jira ta shekara shida yana birgima a ƙasa, hannuwanta biyu da ya kamata su riƙe shi suna riƙe da waya. Tana kuka tana ɗauka. Da jikinsa ya saki, ta yi kansa da gudu, wayar ta suɓuce ta daki siminti. Gilashin ya tarwatse, fuskar ta yi baƙi ƙirin.

Mai gyaran waya ɗaya ta sani wanda ba ya sauya wa mutane kayan ciki. Ko ƙofar babbar makaranta bai taɓa takawa ba, amma duk layin kasuwa Injiniya suke ce masa. Ɗan aminiyar Gwaggo ne, kuma sau biyu yana aikowa neman Auta tana cewa a ba shi haƙuri.

"Yau wace rana?" ya ce da ya gan ta. "Ashe ana tunawa da mu in abu ya fashe."

"Gilashin ne. Don Allah kada ka goge komai. Akwai wani abu a ciki, na jiya-jiyan nan, in ya ɓata na shiga uku."

Ya ɗaga gira. "Ki dawo gobe."

Da ta ja bakinta ta yi shiru, da gilashi kawai zai canza.

Washegari da la'asar ta taso daga shago ta biya rumfarsa, aka ce ya fita. Ta wuce gida. Tun daga bakin ƙofa ta ji ƙarar. Ƙarar Dogo ce, wadda yake yi in abin ya kama shi, tana fitowa daga falonsu. Ta ƙarasa bakin falon ta tsaya.

Baba na zaune a kujerarsa, hularsa a gwiwa. Gwaggo, yayar Baba, na tsaye a kansa da wayarta tana nuna masa. Injiniya na rakuɓe a gefen ƙofa, wayar Auta a hannunsa cikin leda.

"Ga ta nan," in ji Gwaggo. "Shigo, uwar rufin asiri. Shigo ki ga mijin da kika zaɓa mana."

Auta ta dubi Injiniya. "Amanar da na ba ka ke nan?"

"Ni gyara ne sana'ata," ya ce, yana kallon ƙasa. "Na ga abin da ya lalace, na faɗa wa manya. Saboda Allah na yi."

"Ka ajiye mini wayata ka fita."

"Ke za ki kore shi? A gidan ƙanena?" Gwaggo ta tafa hannu. "Yaron da ya cece ki? Farfaɗiya ce fa, Auta! Ko yawunsa ya taɓa ki kin ɗauka. Ki haifa mana jikoki suna zubewa a titi? Ga mutum da lafiyarsa da rumfarsa, shekara nawa yana bin ki, kin tsaya wa mai birgima a ƙasa!"

"Ba a ɗauka, Gwaggo. Faɗowa ya yi daga tsani. Na samo likita..."

"Likitan ina? Na ginin baya? Ai an gan ki kina shiga, mun ɗauka ƙarya ake miki."

Injiniya ya ajiye ledar a hannun kujera ya sulale. Baba ya bari sai da Gwaggo ta gaji don kanta. Sannan ya ce, "Zo nan, Auta."

Ta durƙusa a gabansa.

"Ni ba na ƙin yaron nan. Kin sani. Ranar da uwarki ta rasu, shi ya fara zuwa, shi ya tafi ƙarshe." Ya murza bakin hular. "Amma ina kallonki shekara shida. Ina jin motsinki kina juya ta. Na ga sa'anninki na wucewa da goyo ke kina wankin zannuwa. Ban iya hana wancan ba, uwarki ce. Wannan kuwa zan iya. Ba zan ɗauke ki daga wata jinya in kai ki wata da hannuna ba."

Da faɗa ya yi, da ta iya tsayawa. Hawaye suka ɓalle mata.

"Baba, da Inna ce ta fara ciwo saura wata biyu aurenku, da ka fasa?"

"Kul!" in ji Gwaggo.

Baba ya kau da kai.

"Ka ba ni zuwa Talata," ta ce. "Kwana tara ne. Likitan zai gan shi. In ya ce babu magani, na yarda, ka yi yadda ka ga dama. Kada ka yanke kafin wanda ya sani ya yi magana."

"Zuwa Talata," ya ce da ƙyar. "Ya je da ƙafarsa, likita ya gan shi, ki kawo mini abin da ya ce. In ba haka ba, Laraba zan aika gidansu."

Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Ba sai ka wahalar da ɗan aike ba. Na riga na tura wa yayansa abin, su ma su san mun sani."

Kwana biyu Dogo bai ɗauki wayarta ba. A na uku ta same shi a ɗakin, zaune a kan bokitin fenti, labulen da suka fara ratayawa na lilo da ƙugiya ɗaya.

Bai amsa sallamarta ba. Ya ɗago wayarsa.

"Ban taɓa ganin kaina ba sai shekaranjiya," ya ce. "Ashe haka nake yi. Ashe har kumfa."

"Dogo..."

"Yayana ya gani. Matarsa ta gani. Leburorin wurin aiki sun gani, har akwai mai kwaikwayona. Ɗan kwangila ya kira ni gefe, ya ce in je in huta, zai neme ni. Kin san ma'anar zai neme ni."

"Saboda likita na ɗauka. Nas ce ta ce..."

"Ta ce ki ɓoye mini?"

Ta sunkuyar da kai.

"Abin da ya fi ci mini rai," ya ce, "ba mutanen ba ne. Ina kallon abin, ina neman ki a ciki. Ina cewa yanzu za ta shigo, yanzu za ta riƙe ni. Har ya ƙare ba ki shigo ba. Sai na gane ashe ke ce a tsaye."

Ta zube a gabansa, tana kuka kamar ranta zai fita. "Na juya ka kafin in ɗauka. Mayafina ne a ƙarƙashin kanka, ka duba. Wallahi minti biyun nan sun fi mini shekara shidan Inna tsawo. Na yi kuskure da ban gaya maka ba, na yi kuskure da na kai wa wancan. Ka hukunta ni yadda kake so, amma ka zo Talata. Baba ya ce in ba ka je ba..."

"Wato yanzu gwada ni za a yi kamar tsohuwar mota, a ga ko zan tashi."

"Ba haka ba ne."

"Abu ɗaya na roƙe ki a ɗakin nan, Auta. Ɗaya tak."

Ya miƙe, ya ɗauki buroshinsa da bokitin, ya fita ya bar ta da ƙofa a buɗe.

Ranar Talata tun da sassafe tana ginin baya. Ta samu lamba ta tara. Ta zauna a ƙarshen benci, ta ajiye jakarta a gefe ta kama masa wuri. Duk wanda ya zo zai zauna, sai ta ce, "Da mutum." Kowa a layin da nasa: mata da miji, uwa da 'ya, wa da ƙane. Duk inuwar da ta gifta a bakin ƙofa sai ta ɗaga kai, in ta ga ba doguwa ba ce ta sunkuyar.

Wajen azahar wata mata mai ciki ta tsaya a kanta. Auta ta dubi ƙofa sau ɗaya, ta ɗauke jakar.

"Lamba tara!"

Likitan bai kai yadda ta zata a shekaru ba. Idanunsa sun yi ja don gajiya, ga kofin shayi ya huce a gabansa. Ya dubi katin, ya dubi bayanta.

"Ina marar lafiyar?"

"Bai zo ba."

"To, baiwar Allah, ni ba na duba kati."

Ta miƙa masa wayar da hannu biyu. Ya kalla har ƙarshe, ya mayar baya, ya sake kallo. Ya tsayar a wani wuri.

"Kin ga nan? Kansa dama yake juyawa, hannun dama ya riga sauran jiki. A wane gefe ya bugu?"

"Hagu."

Ya gyaɗa kai. "Wa ya juya shi haka?"

"Ni ce."

"Kin yi daidai. Kuma wannan da kika ɗauka ya rage mana watanni na lalube."

Wannan ce kalma mai daɗi ta farko da wani ya faɗa mata a kan abin. Ta danne bakinta da gefen mayafi.

"Ana ɗauka?" ta tambaya.

"Ba a ɗauka, ko a kwano ɗaya kuke ci. Irin wannan kuma da ya biyo bayan rauni ba gadonsa ya yi ba. Akwai magani. Da yawa in suka riƙe shi yadda ya kamata, sai su yi shekaru ba su faɗi ba. Ban ce kowa ba, ban kuma yi miki alkawari ba. Sai na gan shi, an yi hoton kansa. Ba zan rubuta ko ƙwaya ɗaya ga mutumin da ban gani ba. Mece ce sana'arsa?"

"Fenti."

Ya ajiye biro. "Yana hawa sama?"

"An sallame shi. Amma na san shi, ba zai zauna ba."

"Kada ya hau ko kan tebur sai mun shawo kan abin. Ciwon bai cika kisa ba, inda ya kayar da mutum shi ke kisa." Ya dubi agogo. "Ina nan har ƙarfe huɗu. In ya wuce yau, littafin a cike yake sai bayan wata biyu." Ya jawo takarda zai rubuta, ya tsaya. "Ke mece ce a wurinsa?"

Ta karɓi wayarta.

"Ni ce dai na gani," ta ce.

Daga asibiti ta fita nemansa. Mai sayar da fenti na bakin kasuwa ne ya gaya mata inda yake. Dogo ya sayi fari da safe, wai ya samu ɗan aiki shi kaɗai, gaban wani shago mai hawa biyu a titin masu kayan gini.

Tun daga nesa ta hango shi. Yana can ƙololuwar dogon tsani, bokiti rataye a gefe, ƙasa siminti ne da tarin rodi. Babu mai riƙe masa. Ta ratsa titi ba ta ko duba mota ba, ta kama ƙafafun tsanin da hannu biyu.

Ya ji motsin, ya leƙo.

"Saki."

"Ba zan saka ba."

"Mutane na kallo."

"Su kalla. Sun riga sun ga wanda ya fi wannan." Ta ɗaga kai, rana na dukan idonta. "Na ga likitan. Ya ce akwai magani. Ya ce ba a ɗauka. Ya ce kada ka hau ko tebur. Yana nan har ƙarfe huɗu, yanzu uku saura."

Ya ci gaba da shafa fentinsa. Sama, ƙasa. Sama, ƙasa. Ɗigon fari na sauka a kan hannuwanta.

"Dogo, ba don aure nake roƙonka ba. Ka fasa in ka ga dama, na ja wa kaina. Amma na wanke gawa ɗaya da hannun nan, ba zan tsaya a kira ni a kan ta biyu ba. In za ka faɗo, ga ni a ƙasa, sai dai ka faɗo a kaina."

Buroshin ya tsaya.

Ya daɗe a haka, goshinsa jingine da bango. Sannan ya fara saukowa, taki ɗaya-ɗaya, tana jin nauyinsa a tafukanta. Da ya taka ƙasa ya ajiye bokitin, ya goge hannu a wando. Ya rame. Bai dube ta ba.

"Kawo katin."

Ta zaro shi ta miƙa masa, ta gyara jakarta. "In muka samu tasi yanzu, za mu..."

"Ni kaɗai zan je."

"Zai tambayi wanda ya gani."

"Ai ya gani. Kin nuna masa." Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma faɗan ne da ya fi sauƙi. "Zan je don kaina, Auta, ba don a kai wa Baba sakamako ba. Abin da likita ya ce mini nawa ne. In na ga dama na faɗa, in ban gani ba na riƙe. Ko wannan ɗin dai a bar mini."

"Gobe Laraba," ta ce a hankali.

"Na sani."

Ya tsayar da tasi, ya lanƙwashe tsawonsa ya shiga. Bai waiwayo ba.

Ta bi motar da ido. A ƙarshen titin hanya ta rabu biyu, dama ta nufi tashar bas da unguwarsu, hagu ta nufi asibiti. Motar ta tsaya a bayan wata babbar mota, ta daɗe. Sannan ta karya hagu.

Ta sauke ajiyar zuciya. Ta nemi wanda za ta ce wa ya tafi, ya tafi wurin likita. Masu shaguna sun koma harkarsu, masu wucewa na wucewa.

Mai shagon ya leƙo, ya ga bangonsa rabi fari rabi toka, ya ga mace tsaye da fenti a hannu.

"Ina mai aikin? Ke matarsa ce?"

"Ya je asibiti," ta ce. "Don Allah a taya ni kwantar da tsanin nan."